Tsinke ɗaya ba ya yanke wa mutum hukunci

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye a ƙasar Dutse. Ƙanena zai auri wata yarinya 'yar ƙasar Gaya, iyayenta suka ce ba za a sa rana ba sai ya kawo takardar gwajin ƙanjamau. Ya je asibitin sha-ka-tafi na garinmu aka huda masa yatsa. Malamin asibitin ya dubi tsinken gwajin ya ce akwai matsala, ya rubuta a wani babban littafi, ya ce ya tafi babban asibiti domin sauran kayan aikinsu sun ƙare. Bayan kwana huɗu na raka shi, aka gwada aka ce ba shi da ƙanjamau. To amma magana ta riga ta fita gari. Wanne za mu kama a cikin biyun? Sunansa da aka rubuta a littafin nan ina yake zuwa, kuma za a iya goge shi? Kawun yarinyar ma ya ce zai zo ya duba littafin da idonsa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba ƙanen naka haƙuri, ya kuma saka maka da ka tsaya masa. Aikin lab na yi shekara da shekaru, kuma kaso mai yawa na shekarun nan a bisa babur na yi su, ina zagaya ƙananan asibitocin karkara ina duba yadda ake wannan gwajin da yadda ake rubuta shi. Labarinka ba baƙo ba ne a kunnena. Daga nan inda nake ba zan iya ce maka ga abin da ke cikin jinin mutumin da ban gani ba, amma zan iya faɗa maka kai tsaye cewa abin da aka yi masa a ƙauye rabin aiki ne, kuma rabin aiki a wannan gwajin ba shi da suna. Ba a cewa akwai, ba a cewa babu.

Tsarin da aka daɗe ana bi a Najeriya na kayan gwaji kala uku ne, daga kamfanoni dabam-dabam, ɗaya bayan ɗaya. Na farko shi ne Determine, siririn tsinken nan da ake yago shi daga jerin goma. Aikinsa tankaɗe. An ƙera shi da kaifin kamawa don kada mai ɗauke da cutar ya sulale ta ƙarƙashinsa, shi ya sa idan layi ɗaya ya nuna, na sama kawai, ana sallamar mutum da cewa ba a ga komai ba. Idan kuwa layi biyu ya fito, ko da na biyun dishi-dishi ne, to ba a gama ba, sai a sake hudar yatsa a ɗora a na biyu, wato Uni-Gold. Idan suka saɓa wa juna sai a kawo na uku, Stat-Pak, ya raba gardama. Duk ukun ba ƙwayar cutar suke gani ba, sawunta suke gani, wato sinadaran kariyar da jiki ke ƙerawa idan ta shige shi. Maharbi kuwa ya san akwai ranar da sawun kare zai yi masa kama da na kura. Abin da malamin asibitinku ya gani ke nan: sawu a tsinken farko, babu na biyun da zai gaskata ko ya ƙaryata. Tura ƙanenka babban asibiti da ya yi daidai ne. Kalmar "akwai matsala" ita ce ta fi ƙarfin abin da ke hannunsa.

Bari in yi maka lissafin da nake yi wa sababbin ma'aikata, domin shi ne gishirin maganar. Babban binciken ƙasa da aka yi gida-gida a 2018, wanda aka bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da cutar a Najeriya. Jigawa tana can ƙasa, kashi 0.3, alhali Akwa Ibom ta haura kashi 5. To ɗauki lafiyayyun mutum 1,000 a Jigawa, irin masu zuwa gwajin aure. Uku ne kacal masu ɗauke da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya tana amincewa da kayan gwaji ne idan kuskurensu a kan marasa cutar bai wuce biyu cikin ɗari ba. Mu ce namu mai kyau ne, ɗaya cikin ɗari yake kuskure. Cikin ragowar mutum 997 ɗin nan, wajen goma za su ga layi biyu alhali lafiyarsu ƙalau. Ka ga mutum 13 ke nan tsinken farko ya tsayar, uku ne kawai na gaskiya. Idan ka kai wannan lissafin Akwa Ibom sai ya juye, masu gaskiyar su haura hamsin, na kuskuren su tsaya a gomansu. Abin da mutane ke kasa yarda da shi ke nan: a inda cutar ta yi ƙaranci, a nan tsinken farko ya fi yawan tsorata bayin Allah a banza. Garuruwanmu su ne suka fi kowa buƙatar gwaji na biyu da na uku, kuma su ne inda na biyun ya fi saurin ƙarewa a rasa mai kawowa, saboda masu rabon kaya suna kallon adadi su ce ai can ba su da masu cutar.

Wannan dalilin ne ya sa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashe shawarar kada a ce wa kowa yana ɗauke da cutar sai kayan gwaji uku a jere sun nuna, idan kuma suka saɓa a ce masa ya dawo bayan kwana 14. Sannan ko an tabbatar, ana sake gwada mutum a asibitin da zai karɓi magani kafin ya haɗiyi ƙwaya ta farko, domin magani ne na tsawon rai. Ni a nawa ganin ma'aikacin da ba shi da Uni-Gold a durowa gara ya gaya wa mutum tun kafin ya huda shi: yau tankaɗe kawai zan iya yi maka, in ya nuna wani abu sai an ƙarasa a gaba. Wanda aka gaya wa haka ba zai koma gida ya kasa cin tuwo ba.

Me ke sa tsinke ya yi ƙarya? Wani lokaci daga jinin mutum ne, domin jikin da ke fama da wata cutar dabam yakan fitar da sinadaran da ke rikita gwajin. Amma abin da idona ya fi gani daga wajenmu ma'aikata ne da wurin ajiyarmu. A jikin kwalin Determine an rubuta a ajiye tsakanin digiri 2 zuwa 30. Kai ka san Afrilu da Mayu a ƙasar nan, zafi yana haura 40 a inuwa, balle ɗakin da aka rufa da kwano babu silin. Na sha buɗe kabad ɗin ƙarfe da azahar in ji kwalin da ɗumi kamar an sauke shi daga murhu. Firjin rigakafi mai aiki da hasken rana na alluran yara ne, sau da yawa babu wuri a ciki. Shawarar da nakan bayar ita ce tukunya cikin tukunya, dabarar nan da marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, ya yaɗa har ya samu kyautar Rolex a 2000: a zuba jiƙaƙƙen yashi tsakanin tukwane biyu, a sa kayan a robar da ke rufuwa ruf don kada laima ta taɓa su. Don tumatir da yalo aka yi ta, amma ta fi kabad ɗin ƙarfe nesa ba kusa ba.

Sai lokaci. Determine ana karanta shi daga minti 15, ba a wuce awa ɗaya. Uni-Gold minti 10 ne, da 'yan mintoci sun gota an bar shi. Stat-Pak minti 15, ba a wuce 20. Ma'aikaci ɗaya ne a asibiti, shi ne mai awon ciki, shi ne mai allura, shi ne mai ba da magani. Ya ɗiga jini, aka kira shi ga mai naƙuda, bai dawo ba sai bayan la'asar, ya tarar da wani siririn layi ya fito a tsinken da ya bushe. Wannan layin ba shaida ba ne, amma a ido kamarsu ɗaya da na gaske. Haka ruwan da ake ɗigawa bayan jini, kowane kamfani da nasa. Idan 'yar kwalbar ta ƙare wasu kan ari na gwajin maleriya, har da masu ɗiga ruwan allura. Da an yi haka gwaji ya tashi daga gwaji.

Akwai kuma wanda ya fi duka ba ni tsoro, wato musayar sakamako. Wata ranar kasuwa a wani gari na bakin kogin Haɗeja, muka kafa tebur a ƙarƙashin darbejiya ana gwaji kyauta. Wani matashin ma'aikaci, mai ƙwazo ƙwarai, ya ga layi ya yi tsawo sai ya jera tsinke goma a kan benci, ya bi mutane yana huda yana ɗigawa, bai rubuta lamba a jikin ko ɗaya ba, yana cewa ai ya riƙe jerin a ka. Ina tsaye iska ta taso ta kwashe su ta zubar a ƙasa. Ya tsince ya sake jerawa. Ɗaya ya nuna layi biyu, ya rantse mini na wata dattijuwa ce mai sayar da daddawa. Na ce a zubar da duka a sake, kowa a rubuta lambarsa a kan tsinke kafin allura ta taɓa yatsarsa. Da aka sake, dattijuwar nan ba ta da komai, layin ya fito a wurin wani dabam. Ka duba mutum biyun da aka kusa zalunta a lokaci ɗaya: ita da za ta tafi gida da baƙin cikin banza, da shi da zai tafi yana murna ba magani. Tun ranar nake cewa biro yana gaba da allura a aikin nan.

Yanzu abin da za ku yi. Ku dubi takardar da babban asibiti ya ba ku, ko ƙanen naka ya koma ya tambayi wanda ya gwada shi: kala nawa aka yi mini, kowanne me ya nuna? Haƙƙinsa ne a gaya masa. Idan Determine ɗinsu ma ya nuna layi biyu, sauran biyun suka ƙaryata, to jininsa ne ke rikita wannan tsinken, kuma ya sani tun yanzu mai yiwuwa ne ya sake ganin haka a wani wurin, kada ya firgita. Idan kuwa Determine kaɗai suka yi ya fito da layi ɗaya, to tsinke iri ɗaya ne ya faɗi magana biyu cikin kwana huɗu, sai zargi ya koma kan kaya ko aikin farko. Ko wanne ne, sakamakon babban asibiti ya fi nauyi. Duk da haka da ƙanena ne zan sa ya bari mako biyu su cika ya sake, a wurin da ke da kala ukun a hannu, kuma ya gaya musu abin da ya faru a baya kada ya ɓoye. Wannan na ukun shi ne zai kwantar da hankalin kowa.

Saura abu ɗaya da shi kaɗai zai amsa wa kansa, ba kai ba, ba ni ba. Jiki yakan ɗauki makonni, har zuwa wata uku, kafin sawun cutar ya bayyana a irin wannan gwajin. Idan a cikin watanni ukun da suka wuce akwai abin da yake shakka, ko saduwa, ko ƙarin jinin da ba a tantance ba, ko allurar da aka yi wa wani aka yi masa, to sai ya ƙara gwaji bayan wata ukun sun cika. Ka bar shi da ma'aikacin su yi wannan zancen su biyu, ka jira a waje. Kuma don amfanin masu karatu: wanda ya daɗe yana shan maganin ƙanjamau wani lokaci gwajin gaggawa yakan fito masa da layi ɗaya, musamman na goga dasashi da ake saya a yi a gida. Ba warkewa ba ce, maganin ne ya danne ƙwayar. A nan masu cewa sun warkar da mutum da saiwa suke samun takardar da suke nunawa, mutum ya ajiye magani, bayan watanni a kawo shi ranga-ranga.

To mu zo kan littafin. Abin da ka gani rajistar gwaji ce, kuma ba ita kaɗai ba ce. Akwai fom da ake cike wa kowane mutum, inda ake ba shi lamba, a rubuta shekarunsa, jinsinsa, garinsa, ko ya taɓa gwaji, da yardarsa. Akwai rajistar kanta, layi ɗaya mutum ɗaya. Akwai littafin aikin kullum na mai gwaji, wanda ni a wurina ya fi duka daraja, domin a nan ake rubuta sunan kayan gwajin, lambar kwalin da aka ciro shi, ranar da zai daina aiki, abin da na farko da na biyu da na uku suka nuna kowanne a gurbinsa, da sa hannun wanda ya yi. Sai takardar sakamako, da takardar turawa gaba. Mutanenmu suna tsoron littafin nan kamar na 'yan sanda, alhali shi ne lauyan ƙanenka. Idan an cike shi daidai, za a ga gurbin farko da harafin R, ma'ana ya nuna alama, gurbi na biyu babu komai, gurbin hukuncin ƙarshe babu komai, a gefe an rubuta an tura shi gaba. Duk mai sanin aiki da ya ga wannan layin ya san ba a yanke komai ba. Da wannan littafin na taɓa gano lalataccen kwali a wani asibiti: layi biyu ya yawaita a wata guda, na biyu yana ta ƙaryatawa, da na bi lambobin sai na ga duk daga kwali ɗaya suka fito. Da ba a rubuta lambar ba, da har yau ana zargin mutanen garin.

Matsala tana zuwa ne idan ma'aikaci ya tsallake ya cike gurbin ƙarshe da tsinke ɗaya. Ko kuma ya yini yana rubutu a bayan kwali da tafin hannu, sai ƙarshen wata ya zauna ya cike rajista da abin da ya tuna, ka ga shafi uku da biro ɗaya da hannu ɗaya babu ko karkacewa. Da na ga rajista ta cika tsabta haka nakan fara zargi. Littafin da ake aiki da shi kullum ba ya rasa ɗigon shayi.

Sunansa ba ya zuwa ko'ina. A ƙarshen wata incaji, wato shugaban asibitin, yana ƙirga layukan ya cike takardar taƙaitawa: maza nawa aka gwada, mata nawa, masu shekara kaza nawa, nawa aka tabbatar. Lambobi ne zalla. Ita ake kai wa jami'in tattara bayanai na ƙaramar hukuma ya shigar a manhajar DHIS2, daga nan jiha ta gani, Abuja ta gani, hukumomi irin su NACA, mai yaƙi da ƙanjamau a ƙasa, su yi lissafin kayan da za a saya. Littafin yana nan a asibitin, kuma ƙa'ida ita ce a kulle shi, ba a barin shi buɗe a kan teburin da mata ke jiran awo. Wanda aka tabbatar ya fara karɓar magani shi ne ake buɗe wa fayil a asibitin da ke ba da maganin, a sa a kwamfuta, a wurare da yawa har da hoton yatsa don kada a ƙirga mutum ɗaya sau biyu. Ƙanenka bai kai nan ba. Illa dai idan an ƙirga shi cikin waɗanda aka tabbatar, to an ƙara wa ƙaramar hukumarku mai cutar da babu shi, kuma wata rana za a iya bin adireshi a zo nemansa a ce bai je karɓar magani ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin komawa a gyara.

Gyara na ce, ban ce gogewa ba. Ba a yage shafi, ba a shafa farin fenti, ba a murje rubutu har ya ɓace. Idan an yi kuskure ana jan layi ɗaya a kansa yadda za a iya karanta na da, a rubuta daidai a gefe, a sa hannu da kwanan wata. Na san ranka ya fi son a cire sunan gaba ɗaya, amma ka yi tunani. Littafin da za a iya goge sunan ƙanenka don ka roƙa, za a iya goge na wani don ya biya, gobe a aura wa 'yarka shi da takarda fara. Sannan in aka yage shafin, ranar da wani ya ce ai an taɓa samunsa da cutar, me za ku nuna? Ya ɗauki takardar babban asibiti ya kai wa incaji su biyu, cikin mutunci, ya ce a rubuta sakamakon ƙarshe a gaban layinsa. Dama aikin asibitin da ya tura mutum ne ya bi sawu ya rufe layin. In ya ƙi, akwai sashen lafiya a sakatariyar ƙaramar hukuma, a can masu duba aikinsa suke.

Kawun yarinya kuwa ba shi da hanyar ganin littafin nan, haka dagaci, haka liman, haka kai kanka. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce bayanan mara lafiya sirri ne, dokar hana tsangwamar masu ƙanjamau ta 2014 ta hana bayyana matsayin mutum ba da yardarsa ba, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu. Ko babu doka ma, shafin da zai buɗe ba na ƙanenka kaɗai ba ne, akwai matan aure da 'yan matan garinku a sama da ƙasan layinsa. Amma kada ku ɗauki kawun a matsayin abokin gaba. 'Yarsa yake karewa, kuma tunda ɗaurin auren a jihar Kano za a yi, dokar da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a 2024 ta wajabta gwajin kafin aure. Yana da haƙƙin ganin takarda, ita kuma yarinyar ta fi shi haƙƙin sanin gaskiya, tunda ita za ta zauna da shi. Hanyar da na ga ta fi kashe gardama ita ce su je tare, shi da ita, a asibitin da ɓangaren amarya suka zaɓa, a gwada su a zama ɗaya, su ji sakamakon juna da yardarsu, a ba su takarda mai lamba da hatimi da sa hannu. Kawu ya raka su ya zauna a benci a waje. Hakan ya toshe bakin mai cewa an sayi takarda ko an tura aboki ya ba da yatsa, abin da kuwa yana faruwa, shi ya sa nake son a riƙa neman katin shaida kafin gwajin aure.

Yadda maganar ta fita gari, kada ka yi saurin ɗora wa malamin asibitin. Mai yiwuwa shi ne, in kuwa shi ne laifi ne babba da ya kamata a kai ƙara. Amma asibitocinmu ɗaki biyu ne, taga a buɗe, labule ne ƙofa, mai gadi ɗan gari ne, mai shara 'yar gari ce. Wani lokaci ma ba wanda ya yi magana, fuskar mutum ce ta faɗa da ya fito, sai aka ga washegari an hau mota an nufi birni. Ka tambayi ƙanen naka wa da wa ya gaya wa a daren farko cikin ruɗu. Magana zarar bunu ce, ba za ku mayar da ita ba, kuma za a samu masu cewa ruwa ba ya tsami banza. Kada ku bi gida-gida kuna nuna takarda, hakan ƙara wa wutar itace ne. Mutum biyu ko uku da maganarsu ke da nauyi, waliyyin yarinya da limamin da zai ɗaura, su ne za su gani, shi ma da yardar mai takardar.

In kun je gwajin tare, ku nemi a yi duka abin da dokar Kano ta lissafa, kada hankalinku ya tsaya kan ƙanjamau kaɗai. Wancan binciken na 2018 ya samu ciwon hanta nau'in B a jikin kusan mutum takwas cikin ɗari na manya, ya ninka ƙanjamau sau da yawa, kuma yana da allurar rigakafin da za a yi wa wanda ba shi da shi cikin su biyun. Sai rukunin jini na sikila, wanda kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasar nan ke ɗauke da AS. A teburina wannan ya fi ƙanjamau tsayar da aure nesa ba kusa ba, kuma shi ma ana kuskurensa, don haka in aka ce su biyun AS ne ku sake a wani lab ɗin kafin a yanke shawara. Ku je da sassafe kafin layi ya yi tsawo, ku tafi da takardar farko da ta biyu, kuma kafin ku baro wurin ya duba da idonsa cewa lambar da ke takardarsa ita ce aka rubuta a jikin tsinken.